Yadda Ake Zaɓen Kundin Shekara, Kalanda, Jagoran Gari da Littafin Tarin Rubuce-rubuce a Kaduna

'Yan shekarun baya ƙanen matata ya zo daga Saminaka zai rubuta jarrabawar ɗaukar aiki, ya sauka a gidana a Tudun Wada. Ana gobe jarrabawar cunkoso ya riƙe ni wajen Kasuwar Gumi, sai wani yaro ya zuro min ɗan littafin nan na tambaya da amsa da ake kira karant afiyas. Bango sai ɗaukar ido yake, an rubuta 2022 da manyan lambobi jajaye. Na miƙa kuɗi ban ko buɗe ba, don hanya ta saki, masu keke suna ta danna min hon. Da dare muna bita na tambaye shi wane ne Sarkin Zazzau, ya ce Ahmed Nuhu Bamalli. Littafi kuwa ya ce Alhaji Shehu Idris. Allah ya jiƙan Sarki Shehu, tun watan Satumba na 2020 ya rasu. Ashe riga kawai aka sauya wa littafin, cikinsa yana nan yadda yake tun shekarun baya.

Ni malamin makaranta ne, kuma ni aka ɗora wa sayen littattafan ɗan laburarenmu. Tun daga wannan dare ban sake cinikin biri a sama ba. Ga yadda nake bi, wanda ya ga zai yi masa amfani ya ɗauka.

Mataki na farko: san tambayar da za ka yi wa littafin

Kafin ka fita gida, ka rubuta a takarda tambayoyi uku zuwa biyar da kake son littafin ya amsa maka. Ba wai "ina son littafin bayanai" ba. A'a, ka rubuta kamar haka: ƙananan hukumomi nawa ne a Jihar Kaduna, kuma ina hedikwatar kowace? Yaushe ake sa ran azumi zai kama? Ta ina baƙo zai bi daga tashar jirgin ƙasa ta Rigasa zuwa Unguwar Rimi? Wannan takarda ita ce ma'auninka a shago, ita za ta hana mai kaya ya saye ka da daɗin baki.

Dalilin da ya sa wannan ya zama dole shi ne littattafan nan ba tare suke tsufa ba. Kalanda ranta wata goma sha biyu ne. Kundin shekara, wato wanda ke tattara sunayen masu muƙamai da alƙaluma da abubuwan da suka faru, yakan fara lalacewa daga shekara ɗaya zuwa biyu, musamman idan an yi zaɓe a tsakani. Jagoran gari yana iya kai shekara biyar, in dai ba a shiga rusau da faɗaɗa tituna ba. Tarin waƙoƙi ko gajerun labarai kuwa ba ya tsufa ta wannan fuska, nasa ciwon daban ne, za mu zo kansa. Ƙamus ma haka: na Bargery an buga shi tun 1934, har gobe malamai na buɗa shi. Saboda haka kada ka zuba kuɗinka wajen neman sabon bugun abin da ba ya tsufa, ka kuma je kana neman araha a abin da ke rubewa da wuri.

Mataki na biyu: bar bango, juya shafin da ke bayan suna

Bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafi akwai wani shafi mai ƙananan rubutu da yawancinmu ba ma kallo. Nan ne asirin littafi yake. Ka nemi abu huɗu.

Na ɗaya, shekarar bugun farko da ta bugun da ke hannunka. A nan ka lura da bambanci tsakanin "an sake bugawa" da "sabon bugu da aka yi wa gyara". Na farkon yana nufin an mayar da tsohon faranti kan inji ne kawai, ko waƙafi ba a taɓa ba. Littafin da aka rubuta a 2009 aka sake bugawa a 2023, bayaninsa na 2009 ne.

Na biyu, sunan wanda ya tattara ko ya tace. Na uku, sunan kamfanin da ya wallafa da adireshinsa na gaskiya, ba lambar waya kaɗai ba. Wanda ya ɓoye sunansa ya san abin da ya shuka. Na huɗu, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi. A Najeriya Laburaren Ƙasa ne ke ba da ita. Daga shekarar 2007 lambar ta koma mai alƙaluma 13, kafin nan 10 ce, kuma ta littattafan Najeriya kan fara da 978 sau biyu a jere. Idan ka ga bango ya ce bana, amma lambar mai alƙaluma goma ce, to ka daɗa buɗe ido. Rashin lambar ba ya nufin littafi ba shi da kirki, don yawancin littattafan malamanmu na zaure ba su da ita. Amma a kundin da ke da'awar shi ne ma'ajin alƙaluman ƙasa, rashinta alama ce.

Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba: ko kundin ƙwarai ma, shekarar da ke bangonsa gaba take da cikinsa. Wanda aka rubuta wa 2025, a 2024 aka haɗa shi, da alƙaluman 2023 ko ma kafin nan. Wannan ba zamba ba ce, haka aikin yake. Masu gaskiya sukan rubuta a gabatarwa cewa sun rufe karɓar bayanai a wata kaza. Ka nemi wannan jimla.

Mataki na uku: gwada shi da abin da ka riga ka sani

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma minti biyar ya isa. Ba za ka iya tantance ko littafi ya faɗi gaskiya kan ƙasar Sin ko Barazil kana tsaye a shago ba. Amma ka san garinka. Buɗe inda ya yi maganar Kaduna. Idan ya yi tuntuɓe a ƙofar gidanka, babu dalilin da za ka yarda da shi a kan nesa.

Fara da jerin gwamnoni. Daga 1999 ga yadda suke: Ahmed Makarfi zuwa 2007, Namadi Sambo zuwa 2010, Patrick Yakowa zuwa 2012, Mukhtar Ramalan Yero zuwa 2015, Nasir El-Rufai zuwa 2023, sai Uba Sani daga 29 ga Mayu 2023. Inda jerin ya tsaya, nan shekarun littafin suka tsaya, komai aka rubuta a bango. Amma a yi hattara, masu sauya riga sun waye, wasunsu sukan gyara shafin shugaban ƙasa da na gwamnoni su bar sauran. Shi ya sa nake tafe da wasu gwaje-gwajen da ba su cika tunawa da su ba.

Duba Ranar Dimokuraɗiyya. Da can 29 ga Mayu ce, daga 2019 aka koma 12 ga Yuni. Duba taken ƙasa, wanda aka sauya a watan Mayu na 2024 aka dawo da na lokacin samun 'yancin kai. Duba masarautu, don nan ne suka fi faɗuwa, kamar yadda ya faru da ni. Duba jerin jami'o'i: Jami'ar Jihar Kaduna an kafa ta a 2004, in babu ita littafin ya haura shekara ashirin. Duba jerin bankuna: a 2005 aka haɗe bankunan ƙasar nan daga 89 suka koma 25, to duk littafin da ke nuna maka reshen Bank of the North a matsayin inda za ka je ka ajiye kuɗi, tarihi yake ba ka. Haka wanda ke cewa ka kai kuɗin wuta ofishin NEPA, ko da yake mu kanmu har yau in aka kawo wuta NEPA muke kira.

Ga tsofaffin littattafan da bangonsu ya yage, ba a san shekararsu ba, yawan jihohi shi ne agogo mafi sauƙi. Jiha 12 na nufin tsakanin 1967 da 1976, lokacin ana kiran tamu Jihar Arewa ta Tsakiya. Jiha 19 daga 1976 ne, shekarar da ta samu sunan Kaduna. Idan Katsina da Daura da Funtuwa suna cikin taswirar Kaduna, kafin 1987 aka buga. Jiha 21 daga 1987, jiha 30 daga 1991, sai 36 daga 1996. Idan farashi na fam da sule ne, kafin 1973. Na taɓa tsintar wani kundi haka a wurin mai tsofaffin littattafai, ba bango ba shafin farko, da wannan lissafi na gane ɗan tsakanin 1976 da 1987 ne. Mai kayan ya ce, "Malam, kai boka ne?" Na ce a'a, jihohi na ƙirga.

Idan littafi ya ci uku daga cikin gwaje-gwajen nan, sai ka fito da takardar tambayoyinka ka ga ko zai amsa su, kuma ka lura da tsawon lokacin da ka ɗauka kafin ka gano amsar. Kundin da ba shi da fihirisa a ƙarshe, ko jerin abubuwan da ke ciki mai lambar shafi daidai, kamar rumbu ne ba ƙofa.

Mataki na huɗu: tambayi kowace lamba daga ina ta fito

Lamba tana da kwarjini, mutum na ganinta a tebur sai ya sallama. Kada ka sallama. A ƙarƙashin kowane jadawali ya kamata a rubuta tushe da shekara. Ɗauki yawan jama'a misali. Ƙidayar 2006 ta ba Najeriya mutum miliyan 140 da 'yan kai, ta ba Jihar Kaduna miliyan 6.1. Duk wata lamba da ta fi wannan da ka gani an jingina wa shekarun da suka biyo baya, a duba ko ƙirge ce ko hasashe. Hasashe ba laifi ba ne, amma littafin kirki zai gaya maka hasashe ne, kuma na wane ne. Wanda ya rubuta maka yawan mutanen Rigasa har da ɗigon ɗaya-ɗaya ba tare da ya ce ga inda ya samo ba, ka ajiye masa kayansa.

Ga mai neman alƙaluman tattalin arziki, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Babban Bankin Najeriya suna fitar da rahotanninsu, kuma ana sauke su kyauta a intanet. Yawancin kundayen kasuwa daga can suke kwafa, wani lokaci da kuskuren kwafa a kai. In kana da waya da data, gara ka sha daga bakin rijiya. Kundin takarda amfaninsa shi ne ajin da ba wuta, da ɗalibin da ba waya, da kuma cewa abin da aka buga ba ya sauyawa cikin dare.

Kundayen waje irin su World Almanac na Amurka, wanda ya faro tun 1868, ko littafin bajinta na Guinness da ya faro a 1955, suna da kyau ga yara masu son sanin duniya. Sai dai rabon Najeriya a cikinsu ɗan kaɗan ne, Kaduna kuwa in an ambace ta a layi ɗaya an yi mata karamci. Da yake suna da tsada, na shekara biyu ko uku baya ya wadatar. Tsawon Kogin Nilu bai ƙaru ba.

Mataki na biyar: kalanda, wadda kowa ke saye ba wanda ke dubawa

A garin nan abin da ake kira almanak yawanci kalandar bango ce mai hotunan shugabanni ko malamai ko 'yan ƙungiya. Hoto ake saye, kwanan wata kyauta ne. To in hoton kake so, ba ni da ta cewa. In kuwa aiki za ka yi da ita, ga abin dubawa.

Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Miladiyya da kamar kwana goma sha ɗaya. Duk kalandar da ke nuna maka ranar ɗaya ga Ramadan ko ranar Sallah tun watanni kafin lokaci, lissafi ta yi. A ƙasar nan ganin wata ake bi, kuma Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne ke sanarwa. Wasu masu bugawa kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya suke kwafa, wadda kan iya saɓa wa tamu da kwana ɗaya. Mai kalandar da ya san aikinsa yakan rubuta a ƙasa cewa ranakun sun dogara ga ganin wata. Amfaninta shi ne ka san kusan lokacin da za ka fara tanadin gero da sukari, ba wai ka ɗaura niyya da ita ba. Ka kuma ƙirga kwanakin watannin: kowane 29 ne ko 30. Na taɓa ganin wadda ta ba Sha'aban kwana 31.

Inda ya fi haɗari shi ne jadawalin lokutan salla. Tambayar farko: na wane gari ne? Rana tana riga faɗuwa a garuruwan da ke gabas. Maiduguri tana gaban Kaduna da minti ashirin da 'yan kai, Kano da kamar minti huɗu, Sakkwato kuwa tana bayanmu da kusan minti tara. Wanda ya rataya jadawalin Maiduguri a Kawo ya sha ruwa da shi, ya sha rana tana kallonsa. Idan ba a rubuta sunan gari a jadawalin ba, kada ka saya don lokacin salla. Idan an rubuta Kaduna, ka gwada shi kwana biyu ko uku da faɗuwar rana da idonka, da kuma ladanin masallacin unguwarku.

Ga 'yan'uwa Kirista kuma a duba ranar Ista, don ita ma yawo take tsakanin Maris da Afrilu, kuma masu kwafar kalandar bara sukan manta su gyara ta. Hanya mafi sauri ta kama kwafaffiyar kalanda ita ce duba Fabrairu: kwana 29 take yi a shekarar da ke rabuwa da huɗu, kamar 2024 da 2028.

Manomi mai neman sanin faɗuwar damina kada ya dogara da abin da aka rubuta a gefen kalanda. Hukumar NiMet mai kula da yanayi tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, jiha-jiha, kuma gidajen rediyo na karantawa. Wannan ya fi kusa da gaskiya, duk da shi ma hasashe ne.

Mataki na shida: jagoran gari da taswira

Kaduna gari ne mai wahalar da masu taswira. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917 garin ke faɗaɗa, yanzu ya bazu cikin ƙananan hukumomi huɗu: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi da Chikun. Jagoran da ya tsaya daga Kawo zuwa Kakuri rabin gari ya nuna maka.

Buɗe taswirar ka nemi unguwarku da layinku. Sannan ka nemi tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, wadda ta fara aiki a 2016 da aka buɗe layin Abuja. Ka duba ko akwai Millennium City a ƙetaren kogi. Ka duba sunayen tituna: tsohon Waff Road yanzu Muhammadu Buhari Way ne, kuma jagoran da ya fi amfani shi ne wanda ya kawo sunayen biyu, don mai keke da tsohon sunan ya san wurin. Idan ya ce baƙo ya sauka a otal ɗin Durbar, to an rushe shi tun farkon 2020. Idan lambobin wayar da ke ciki da 062 suka fara, na zamanin wayar tangaraho ne.

Sai ka kula da talla. Yawancin jagororin gari da kuɗin masu talla ake buga su, wannan ba komai. Matsalar ita ce in ba a raba talla da bayani ba. Ka ga an ba wani gidan abinci shafi biyu ana kambama shi, Gidan Arewa kuma layi uku. Jagoran da zan ba baƙo dole ya gaya masa cewa Gidan Arewa da ke Rabah Road gidan Sardauna ne, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970, ya nuna masa zauren Lugard, ya kai shi gadar ƙafa ta ƙarfe da aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a lambun Gamji. Ya kuma faɗa masa abin da jagororin ofis ke tsallakewa: ina tashar motar Zariya da Kano, ina ta kudu, ina ake samun gwanjo a Kasuwar Barci, wane lokaci cunkoso ke kamawa a kan gada. Taswirar waya ta fi takarda sanin sabon titi, amma ba ta san waɗannan ba.

A taswirar kanta a duba ma'aunin nisa da kibiyar arewa. In babu su, zane ne kawai.

Mataki na bakwai: littafin tarin waƙoƙi da labarai

A nan ba kwanan wata ake tuhuma ba, amana ake tuhuma. Mai tattara rubutun wasu kamar mai rabon gado ne, abin da ya sa da abin da ya bari duk suna wuyansa.

Fara da gabatarwa. Ya kamata edita ya faɗi ma'aunin da ya bi: waƙoƙin wane zamani ne, na wane yanki, me ya sa ya ɗauki wannan ya bar wancan. Idan gabatarwar godiya ce kawai ga mai girma wane da hajiya wance har shafi uku, ka san inda aka dosa. Sannan ka karanta jerin marubutan. Duk abokan edita ne, ko ya fita waje? Akwai mata? In an ce tarin marubutan Jihar Kaduna ne, akwai na Zariya da na Kafanchan da na Birnin Gwari, ko duk 'yan unguwa ɗaya ne?

Bayan haka sai gwajin da ya yi kama da na mataki na uku: nemi waƙar da ka haddace. Kusan kowane ɗan makarantar da ya yi Hausa yana da baitocin Sa'adu Zungur ko Mu'azu Haɗeja ko Aliyu Namangi ko Aƙilu Aliyu a kansa. Buɗe wurin ka rera a hankali. Rubutacciyar waƙar Hausa tana da kari da amsa-amo, in an yar da kalma ko an sauya ta, harshenka zai yi tuntuɓe tun kafin idonka ya gani. In waƙar da ka sani ta fito da ɗingishi, sauran da ba ka sani ba Allah kaɗai ya san abin da aka yi musu. Ka kuma duba ko cikakkiya ce ko an gutsure. Gutsurewa ba laifi ba ce a littafin makaranta, amma a faɗa, a ce baiti kaza daga cikin kaza. Waƙoƙin ƙarni na 19 da ajami aka rubuta su, saboda haka edita na gari zai ce ga inda ya samo rubutun da ya juya zuwa boko, ya kuma yi bayanin tsofaffin kalmomi a ƙasan shafi ko a ƙarshe.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Littafin Hausa da bai bambanta ƙ da k ba, ko ɗ da d, ko ɓ da b, zai koya wa yaro karanta ƙafa a matsayin kafa, ɓata a matsayin bata. Don karatun kanka kana iya haƙuri. Don aji kuwa ni ba na saye, ko da kyauta aka ba ni sai na yi tunani.

A tarin gajerun labarai ina da wata dabara: ba na karanta na farko, don edita ya san shi za a duba, mafi kyau yake sawa. Na tsakiya nake buɗewa, wajen kashi biyu cikin uku na littafin, inda ake ɓoye raunana. In shafi biyu na wannan ya riƙe ni, na saya. Ka kuma duba ko akwai ɗan tarihin kowane marubuci, da shaidar cewa an nemi izininsu. Tarin da ƙungiyoyin marubuta ke fitarwa, irin su Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya da aka kafa a 1981, ko wanda ya fito daga wata gasa mai alƙalai, aƙalla ka san wani ya tace kafin a buga.

Mataki na takwas: jikin littafin

Buɗe shi ta tsakiya ka duba gindin shafukan. Ɗinkin zare ya fi gam nesa ba kusa ba, musamman ga littafin da hannu arba'in za su taɓa a mako. Gam mai arha yakan bushe da hunturu, shafuka su fara zubowa kamar ganyen bishiya. Ɗaga shafi ɗaya ga haske: in rubutun baya yana hudowa har ya dame na gaba, takardar ba ta da kauri. Hotuna da suka yi duhu kamar an yi musu hoton kwafi, da rubutun da ya karkace, da shafukan da aka tsallake ko aka maimaita, duk alamun ɗan jabu ne. Ƙirga lambobin shafi da sauri da babban yatsa. In an naɗe littafi a leda mai shago ya hana buɗewa, ka ce ya kawo na gwaji. In ya ƙi, ka ce Allah ya ba da kasuwa.

Mataki na tara: inda za a duba, da lokacin saye

Littafi mai tsada, ka fara ganinsa a laburare kafin ka saya. Akwai laburaren jiha, akwai reshen Laburaren Ƙasa, akwai na Gidan Arewa, ga kuma Zariya nan kusa, garin da ya daɗe da ɗab'in Hausa, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, inda kuma kamfanin NNPC na littattafai yake tun 1966. Ma'aikacin laburare da ya daɗe ya san kundin da mutane ke yawan nema, da wanda ƙura kawai yake sha. Tambayarsa ba ta cin ko kwabo.

Kalanda a saye ta a Disamba ko farkon Janairu, ta Hijira kuma kafin Muharram. Kundin shekara kuwa, in shekarar zaɓe ce, ka jira sai an rantsar da sababbi an naɗa kwamishinoni da ministoci, in ba haka ba ka sayi abin da zai mutu cikin wata uku. Littattafan adabi an fi samun zaɓi a wuraren taron marubuta da baje kolin littattafai, inda sau da yawa marubucin ko editan yana zaune a bayan tebur, kana iya tambayarsa ido da ido me ya sa ya bar wane. Wajen ciniki, kuskuren da ka gano shi ne abin tayinka. Nuna wa mai kaya shafin cikin ladabi: "Alhaji, duba nan, wannan bayanin na shekara huɗu baya ne." Wani zai rage, wani zai ce albarka, wani kuma zai shiga ciki ya fito maka da na gaskiyar da ya ɓoye.

Mataki na goma: kada ka zubar da na bara

Kundin da ya tsufa ga mai neman labarin yau, shi ne ya nuna ga mai neman na jiya, da tsohuwar zuma ake magani. Tsofaffin kundayen shekara da kamfanin Daily Times ya riƙa fitarwa yanzu masu bincike nemansu suke. Haka littafin tsarin garin Kaduna da Baturen nan mai tsara birane, Max Lock, ya fitar a 1967, wanda ya yi hasashen yadda garin zai kasance har 2017. Tsohon jagoran gari mai jera masaƙun Kakuri da tallace-tallacensu, tun daga Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957, shi zai nuna wa ɗanka cewa an yi zamanin da jiniyar canjin aiki ke tashin unguwa guda.

Abin da nake yi a laburarenmu shi ne in manna 'yar farar takarda a gadon bayan kowane kundi, in rubuta shekarar da bayanansa suka tsaya, ba wadda ke bango ba. Sababbi a kanta ta sama inda ɗalibai ke kaiwa, tsofaffi a kabad na daban. Kada kanta ta jingina da bango ko littafi ya taɓa ƙasa, saboda gara da danshin Agusta, kuma a riƙa kaɗe ƙurar hunturu da busasshen tsumma. Ɗan littafin nan da ya yaudare ni ma yana nan a kabad ɗin. Na rubuta masa "kafin Satumba 2020" a gadon baya, kuma duk farkon zango shi nake miƙa wa 'yan aji huɗu in ce su nemo min kurakurai biyar kafin a kaɗa ƙararrawa.